Na Je Neman Tallafi da Gwal a Wuya

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma na gwada mantawar ta ƙi, da safiyar Litinin ɗin da na je neman gurbi a wata jami'ar kuɗi da ke bakin hanyar Abuja. Har yau in mota ta bi da ni ta ƙofarta sai in sunkuyar da kai in kama latsa waya, kamar masu gadin za su leƙo su nuna ni da yatsa. (Ba za su gane ni ba. Ni kaina da na tsaya gaban madubi ran nan ban gane kaina ba.)

'Yar unguwar Kurmin Sarki ce ni, a Suleja, kuma ta fari a ɗakinmu. Na gama sakandare da sakamako mai kyau, na yi ta zana jarrabawar shiga jami'a, amma duk shekara in sunaye suka fito a jami'ar gwamnati sai in duba daga sama har ƙasa in ga babu nawa. Babana tela ne, shagonsa a ƙofar gida yake. A lokacin idonsa ya fara yana, har ta kai sai ya kira ɗayanmu ya zura masa zare a allura, masu kawo ɗinki kuma suna ta janyewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da sallama ba. Umma na soya awara da yamma. Ni kuwa, ban da wanke-wanke, babban aikina karatun littattafan soyayya.

Tun ina ajin farko na sakandare nake karɓo hayarsu a kasuwa, daga baya na koma na waya. A cikinsu na san jami'a, kuma jami'ar cikin littafi ba a cika shiga aji ba. Yarinya takan sauko daga mota mai baƙin gilashi, iska ta ɗauki gyalenta, takardunta su zube, wani dogo mai saje ya durƙusa ya tattara mata. Daga nan sai a yi ta "ni ba na sonsa" har zuwa ranar ɗaurin aure. Akwai littattafan da 'yar talaka ke yin nasara, ban musa ba, amma sai ta sha gori da mari har littafi na uku, ni kuwa ba ni da wannan haƙurin. Na riga na yanke wa kaina cewa duk ranar da Allah ya kai ni jami'a, ba wadda za ta kalli takalmina ta yi dariya.

Wata yamma sai ga Madam Saratu a shagon Baba. Ita ta koya mana Turanci a sakandare, 'yar Filato ce, ta daɗe tana haya a layinmu, kuma Baba ne yake ɗinka mata kayan zumuntar mata na cocinsu tun idonsa na garau. Ta bar koyarwa ta samu aikin ofis a wannan jami'ar. Ta zauna a benci ta gaya wa Baba cewa makarantar takan ɗauki 'yan yara kaɗan kyauta duk shekara, 'ya'yan marasa hali masu ƙoƙari, kuma ta kai sunana, ta yi wa kwamitin bayanin halin da gidanmu yake ciki. Gurbi ɗaya ne ya rage a sashen da nake so, kuma sai an ga mutum ido da ido an yi masa tambayoyi kafin a ba shi. Baba ya cire hula ya riƙe a hannu yana ta godiya. Kowa a gidan ya san in wannan ta wuce ni, ba wata hanyar da ta rage.

Ina tsaye a bakin ƙofa na ji komai. Sai dai a duk maganar tata, "jami'ar kuɗi" ce kawai ta shiga kunnena ta zauna. Kalmar tallafi ta bi ta gefe ta wuce.

Washegari na nufi gidan Anti Bilki, matar Kawu Sale, ƙanin Umma. Kun san mu mata, ba a zuwa babban waje da kayan jiki in akwai 'yar'uwa mai akwati. Biki ko suna, aro ake yi, ba kuma abin kunya ba ne. Ni kuwa a ganina wannan ya fi biki. Anti Bilki ko gardama ba ta yi ba. Ta ce wurin 'ya'yan manya zan je, kada in ja wa dangi raini. Ta janyo akwatin lefenta ta fito da wani leshi ruwan zuma mai duwatsu, da gyale shara-shara, da takalmi mai tsini wanda ya ɗan matse ni. Sannan ta rufe ƙofa ta kwance ƙullin da take ɓoye gwal ɗinta, sarƙa da 'yan kunne da awarwaro, dukiyarta kenan a duniya. Ta ce in kula da su kamar raina. Ranar Lahadi ta zauna ta zana mini lalle baƙi da ja har gwiwar hannu. (Na ce wa Umma na ƙawata ne da za a yi wa baiko, muke gwaji.)

Da safe na fito daga gida cikin atamfa da dogon hijabi. Baba ya dafa kaina ya yi addu'a mai tsawo, ya ce, "Uwata, ki natsu, ki faɗi gaskiya, Allah yana tare da ke." Na ce amin, na zarce gidan Anti. Can aka sauya ni. Hoda, jan baki, kwalli, gashin ido na kanti da aka manna da gam, ɗaurin ɗankwali mai hawa-hawa, aka turara ni da turaren wuta har ina tari.

Sai kuma maganar mota. Kawu Sale direban wani oga ne a Abuja, ogan ya yi tafiya, motar ta kwana biyu a wajensa, ran nan zai mayar da ita. Baƙa ce, doguwa, mai baƙin gilashi, irin ta cikin littafi sak. Ya buɗe mini gaba, na ce ni dai baya nake so. Ya dube ni daga ɗankwali har takalmi ya tuntsire da dariya.

"To Hajiya, Allah ya ja zamaninki. Sai dai ki tuna ni in an fara rabon kwangila."

Damina ce, hadari ya sauko ya rufe kan dutsen Zuma. Cunkoson ma'aikatan da ke shiga Abuja ranar Litinin ya tsayar da mu, motocin haya cike da mutane an danna su kamar buhuna. Na riƙa kallonsu ta gilashi ina tausaya musu, ni da ko jiya a irin motar na dawo daga kasuwa. Sanyin motar na ratsa ni, ƙamshina na dawo mini, na fara tsara yadda labarina zai tafi. Har sunayen 'ya'yanmu na zaɓa, ni da mutumin da ban riga na gani ba.

A ƙofar makarantar masu gadi suka ƙame suka sara mana ba tare da tambaya ba. Kawu Sale, da yake ba ya barin wasa ya wuce shi, bai tsaya inda ake ajiye motoci ba. Ya kai ni har bakin babban ofis, ya zagayo ya buɗe mini ƙofa, ya rusuna. Na sauko da ƙafar dama a hankali. Na lura da wasu manya a tagar bene suna kallo, na ji daɗi har cikin raina. Ya ja motarsa ya tafi.

Aka nuna mini wani dogon baranda inda masu neman tallafin suke jira. Nan ne ya kamata jikina ya ba ni. Kowa da kayansa na gida, wankakku dai, wasu da silifa, wani dattijo ya rako ɗansa da faso a ƙafa. Da na iso sai aka matsa mini, aka bar mini wuri mai faɗi a benci kamar mai cuta. Ta kusa da ni wata siririyar yarinya ce mai suna Alheri, daga Izom ta taso tun asuba, takardunta a cikin leda. Ta ce sai da ta taya mamanta kai doya bakin titi kafin ta samu mota.

"Sista, kin yi kyau o. Ke ma tallafin kika zo?"

Na amsa mata ta hanci, na juya awarwaro.

Sai ga shi ya fito. Dogo, farar riga, saje kwance luf, takardu a hannu. Gabana ya faɗi yadda littafi ya ce zai faɗi. Na ɗauka ɗalibin ajin ƙarshe ne, ɗan wani babba, ya zo wucewa ƙaddara ta tsayar da shi. Ya tsaya a gabana cikin ladabi.

"Hajiya, ina jin kin ɓata hanya. Masu biyan kuɗin makaranta sama suke hawa."

Da na ce masa a'a, nan ne wurina, da shi kenan. Amma an kira ni Hajiya, kuma mai saje ne ya kira ni. Na lumshe ido (gashin ya yi nauyi, dama neman dalili nake) na gaya masa da wata murya da ban san ina da ita ba cewa Dadi ya yi tafiya, shi so yake a kai ni ƙasar waje, ni ce na fi son kusa da gida, wannan ɗin ma na zo ne kawai in gwada sa'ata. Ya tambayi sunana, na faɗa. Ya duba takardar hannunsa, ya ɗago ya sake dubana, ya daɗe. Ni a wajena babi na biyu ne ya fara.

Da aka kira ni na shiga, na tarar da dogon tebur. A tsakiya wani Farfesa ne dattijo, mutumin kudu, da tabarau a kan hanci, sai wasu mutum biyu a gefensa. A can ƙarshe Madam Saratu. A ɗaya ƙarshen kuma, da biro a hannu, mai sajena. Shi ne sakataren kwamitin.

Madam ba ta gane ni ba da farko. Na ga ta duba ƙofa tana jiran wata ta shigo. Da na yi gaisuwa ta ji muryata, sai ta ajiye abin da ke hannunta a hankali, ta jingina da kujera.

Tambayoyin karatu ba su ba ni wuya ba. Na amsa su da Turancin da ita Madam ɗin ta koya mini, har Farfesa yana gyaɗa kai. Sai dai duk motsin da na yi awarwaro sai sun yi ƙara, ɗakin kuma shiru, ƙamshin turarena ya cika ko'ina har ɗaya daga cikinsu ya yi atishawa. Can Farfesa ya rufe fayil ya ce yana tsaye a taga lokacin da na iso. Wa ya kawo ni?

Ina so ku fahimce ni a nan, ko da ba za ku yafe mini ba. Abu biyu ne suka haɗu suka danne ni. Na farko, mai saje yana zaune yana kallona, kuma ban daɗe da ba shi labarin Dadi ba. Na biyu, mu a gidanmu ba a koya mana cewa "ba mu da shi" a gaban baƙo ba. Ko ba a ɗora tukunya ba, in maƙwabciya ta leƙo ta ce ya gida, Umma cewa take lafiya lau, mun gode Allah. Na taso na ga ana ɓoye rashi kamar yadda ake ɓoye tsiraici. Ba wanda ya taɓa gaya mini akwai ɗakin da ake shiga don a nuna shi.

Na ce direba ne. Ya ce mahaifina fa, me yake yi? Na ce ɗan kasuwa ne. Ya ce to in kwamiti bai ba ni wannan gurbin ba, gidanmu za su iya ɗaukar nauyin karatuna? Na sunkuyar da kai cikin yanga na ce alhamdu lillahi, muna cikin rufin asiri. Don kada ya kasa fahimta, har na fassara masa da Turanci cewa ba mu rasa komai ba.

Biron mai saje na ta tafiya a kan takarda. Sai na ji muryar Madam Saratu, da Hausa, a hankali, kamar muna zaune a bencin shago.

"'Yata, yaya idon Malam? An samu an kai shi asibitin?"

Farfesa ya tambayi me ta ce, mai saje ya fassara masa, ya kuma ƙara da abin da na gaya masa a baranda, kalma bayan kalma, har da ƙasar waje. Ba da mugunta ya faɗa ba, aikinsa yake yi. Farfesa ya cire tabarau ya goge. Ya ce yanzu labari biyu ne a gabansa. Ɗaya daga ma'aikaciyarsu da ta tsaya a gaban kwamiti ta ce ta san gidan nan, ta san tela mai ciwon ido da matarsa mai suya. Ɗaya kuma daga bakina. Wanne zai rubuta?

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Ba kaina kaɗai na kunyata ba. Matar da ta sa mutuncinta ta roƙa mini, na mayar da ita maƙaryaciya a gaban shugabanninta.

Na fashe da kuka, kuma ba irin na littafi ba, wanda hawaye ke gangarowa ɗaya bayan ɗaya kamar lu'ulu'u. Kuka ne mai majina. Na kama zuba gaskiya ba kai ba gindi: leshin na Anti ne, gwal ɗin ma nata ne, motar ta ogan Kawu ce, Kawun ma ba direbanmu ba ne, Umma awara take soyawa, ba mu da wani Dadi. Kwalli ya haɗu da hoda ya gangaro. Na kai gyale zan share, gashin idon dama ya ɓalle ya faɗo kan tebur, a tsakanina da Farfesa. Duk muka zuba masa ido. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. (Na ɗauke shi na sa a jaka. Har yau ban san dalili ba.)

Farfesa ya ce ya yarda da labarina na biyu, wannan da na bayar ina kuka. Amma a waje akwai yara da yawa, kuma kowannensu labari ɗaya ya ba su. Ya ce in je, za a neme ni.

Da na fito Alheri ta ga fuskata ta miƙo mini hankicinta ba ta tambaye ni komai ba. Ban iya karɓa ba. A bakin matakala Madam ta cim mini. Na jira faɗa, na ma fi son ta yi faɗan. Ta dai dube ni ta ce me ya sa ban zo na tambaye ta abin da zan sa ba. Sannan ta ce, "Cire gwal ɗin mutane ki sa a jaka kafin ki hau motar haya." Ta juya ta koma ciki, inda sauran bayanin yake jiranta ita kaɗai.

Daga ofis zuwa ƙofa tafiya ce mai nisa, ban lura ba da safe. Takalmin ya ci mini dunduniya, na cire na riƙe a hannu. Masu gadin da suka sara mini suka bi ni da kallo. Yayyafi ya fara. Na tsaya a bakin titi har leshin ya jiƙe ya manne mini, sannan na samu motar Suleja, aka danna ni a baya tsakanin wata mai kwandon tumatir da wani mutum da ya yi ta mita da Turancin kasuwa cewa duwatsun rigata suna soke shi.

Anti Bilki na ganina ta taso da murna tana tambaya ko sun ga kaya. Na ce sun gani. Na ƙirga mata gwal ɗinta a hannu, na wanke fuska, na koma gida.

Baba yana shago, keken a rufe, ya kasa kunne yana jiran takuna. Ya ce, "Uwata, yaya?" Na ce sun ce za su neme ni. Ya ce madalla, ai ya gaya wa mutanen masallaci an sa ni a addu'a, jikinsa na ba shi alheri.

Ba su neme ni ba. Alheri aka ba gurbin, kuma ko a zuciyata ban taɓa cewa ba ta cancanta ba. Madam Saratu ce ta zo da kanta ta gaya wa Baba. Ina ɗaki ina jin su, ina jiran ta kai wurin mota da sarƙa. Ba ta kai ba. Ta ce yaran ne da yawa, gurbin kuma ɗaya. Bayan ta tafi Baba ya kira ni ya yi ta ba ni haƙuri. Ya ce ba laifina ba ne, na yi iya ƙoƙarina, laifinsa ne da bai da abin da zai kai ni da kansa. Na zauna ina jin makahon tela yana neman gafarata, na bar shi a kan haka, ban gaya masa gaskiya ba. A cikin duk abin da ya faru, wannan ne ban warke daga shi ba.

Umma na gaya wa, bayan an kwana biyu, muna tace waken awara. Ta ci gaba da tacewa har na ɗauka ba ta ji ba. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Da kin yi shawara da ni, da zanen da nake suya da shi na ba ki."

Shekarar da ta biyo na samu kwalejin horar da malamai, na karɓa hannu biyu. Littattafan ban daina karantawa ba, ƙarya ne in ce na daina, sai dai yanzu in yarinya ta sauko daga mota mai baƙin gilashi nakan tsaya in tambayi kaina motar ta wace ce. Abin da na koya ba shi da yawa, kuma da tsada na saye shi. In aka kira ki inda ake taimakon marasa hali, ki tafi da rashinki. Ki wanke shi, ki goge shi in kina so, amma kada ki bar shi a gida. Ni na bar nawa a gida ran nan, na dawo na tarar yana zaune yana jirana.